A Ba Icce Mai Shi: Koke Ga Mahukuntan Jihar Sakkwato

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmad Aliyu Sakkwato, da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, da Shugaban Majalisar Dokoki ta Jiha da 'yan majalisarsa, da Kwamishinan Muhalli, da shugabannin ƙananan hukumominmu 23.



 Ni tsohon malamin firamare ne, na aje alli shekarun baya. Ina zaune cikin birni, ina kuma da 'yar gona ta gado arewa da gari wadda ƙanena ke nomawa. Ba ni da ƙungiya, ba ni neman kwangilar dashe, ba kuma wanda ya aiko ni. Na ɗauki alƙalami ne don abin da ke damuna ya wuce hirar bakin masallaci, kuma maganinsa yana hannunku.

Maganar itace ce, ranku shi daɗe: wa ke da shi, wa aka yarda ya sara, wa ke karɓar kuɗin, wa kuma ake kamawa.

Wanda ke son sanin yadda Sakkwato take a da, ya saurari abin da yake faɗa wa ɗan kabu-kabu kullum. Ƙofar Marke. Ƙofar Taramniya. Gawon Nama. Rijiyar Ɗorowa. Giginya, inda aka yi karo da Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Kakanninmu ba su raɗa wa ƙofa ko unguwa sunan abin da babu ba. Na taɓa cewa jikana, yana aji biyar, ya siffanta mani marke. Ya dube ni kamar na ruɗe, ya ce, "Kaka, ai ƙohwa ta." Na yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya mani a wuya.

Duk wanda ya fita bayan sallar asuba ya tsaya bakin ɗaya daga hanyoyin shiga gari, ta Kwannawa ko ta Boɗinga ko ta Kware, zai ga abincin murhun birnin nan yana shigowa. Raƙuma da jakuna da amalanke su ne na kusa. Bayansu manyan motoci, an lafta musu buhunan gawayi har sun fi kan motar tsawo, an ɗaure da igiya, ganye na leƙe daga bakin kowane buhu. Ni abin da nake duba shi ne itacen kansa. Lokacin da nake saurayi gungumen marke da kirya ake kawowa, busassu, waɗanda suka mutu don kansu a daji, mai faskare ya yi ta fama da su har gumi ya jiƙa masa wando. Yanzu ɗanye ne ya fi yawa, sirara kamar damtse, ruwansu bai ko tsane ba: kalgo, sabara, geza, har da saiwar da aka tono. Na ga tsamiya cikin tulin itacen sayarwa da idona, na ga aduwa, na ga kanya. Itacen da ke ciyar da mutum ne ake dafa masa tuwon dare ɗaya da shi. Mai faskaren da nake saye wurinsa ya taƙaita mani labarin duka, ya ce, "Malam, da can jaki ka zuwa da sahe shi komo da hantsi. Yanzu mota ka kwana bisa hanya."

Ba ƙarar kowa na kawo ba, amma ku ba ni dama in faɗi abin da ya faru a gonarmu, don shi ya buɗe mani ido. Mahaifinmu, Allah shi jiƙan shi, ya bar mana gawo biyar da wata tsohuwar kirya a kan iyaka. Manomi ya san darajar gawo ba sai an karanta masa ba: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, hatsin da ke gindinsa kuma ya fi na sauran gona tsawo da kauri. Wata bazara da abincin dabbobi ya ƙare, ƙanena ya hau gawo ɗaya ya sauke rassa biyu don tumakinsa, yadda mahaifinmu yake yi kowace shekara ba tare da itacen ya ji komai ba. Sai ga wani mai kaki bisa babur, ya ce ya karya dokar daji. Aka karɓe gatari. Aka yi ta ciniki a gindin itacen kamar ana sayen akuya, har aka tsaya kan abin da ya kai kuɗin tiyar gero da yawa, ya biya, ba a ba shi ko guntun rasit ba. Ba a yi wata biyu ba wasu mutane suka zo da zarton inji da mota, da rana tsaka, suka kayar da kiryar nan, suka yanyanka, suka loda. Da ya yi magana suka nuna masa takarda mai hatimi. Shi bai yi boko ba. Ya kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya buɗe hannuwa ya ce, "Takarda ag gare su."

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsorata ni. Daga wannan shekara, in ƙanena na sassabe, duk wani tsiro da ya gani, gawo ne ko kalgo, sai ya tuge shi tun daga tushe ya cinna masa wuta. Na yi masa faɗa. Ya jingina da kalme ya ce, "Yaya, in bar shi shi girma don wa? In ya girma na gwamnati na, in ya faɗi na mai mota na, ni ko tara at tau." Na yi shekara talatin da wani abu ina amsa tambayoyin yara, amma wannan ban sami amsarta ba. Mutumin da ya fi kowa kusa da itacen, wanda ke iya tsare shi dare da rana ba tare da albashi ba, shi doka ta mayar abokin gabarsa. An bar jaki ana dukan taiki, taikin kuma ya gaji.

Na yi ta bin diddigin inda wannan hali ya samo asali. Kafin zuwan Turawa, itace mai 'ya'ya yana da mai shi da kowa ya sani, ko mai gona ko sarkin gari, daji kuwa yana ƙarƙashin idon sarakuna. Turawa suka kawo dokar gandun daji, suka yi ta 1916, suka sabunta a 1937, aka shata gandaye, aka jera sunayen itatuwan da ba a taɓawa sai da lasin. Jihar Arewa ta gaji dokar, jihohin da aka yanka daga cikinta su ma suka gada. Duk gyaran fuskar da aka yi daga baya, zuciyar abin tana nan: itace na hukuma ne, talaka mai neman izini ne. Zamanin En'e tsarin ya ɗan riƙe, don uban ƙasa ya san malamin dajinsa, hakimi ya san iyakar gandu, kowa kuma ya san wanda za a tuhuma in aka wayi gari aka ga kututture. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare wannan iko daga hannun sarakuna. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. Tsakanin jiha da ƙaramar hukuma da sarauta, daji ya koma tukunyar gidan biki, kowa na ɗiba, ba mai wankewa.

Tsoron hamada ma ba yau aka fara shi ba. A 1934 wani farfesan gandun daji daga Jami'ar Edinbura, mai suna Stebbing, ya ratsa wannan yanki, ya koma gida ya shelanta cewa Sahara na gangarowa kudu. Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga 1936 zuwa 1937. Ba su ga rairayi yana tahowa kamar rundunar yaƙi ba. Abin da suka gani shi ne ƙasa na lalacewa wuri-wuri, inda mutane suka matsa mata da sara da noma da ƙuna. Wannan magana tana da amfani gare mu har gobe, don tana nufin hamadar da ke cin Gada da Illela da Tangaza ba baƙuwa ba ce daga Agadas. A gonakinmu take tsirowa, dokar gida kuma na iya tare ta.

Ban raina ƙoƙarin da aka yi ba. Bayan farin 1973 da na 1984 an yi shirye-shiryen dashe iri-iri, an ja layukan dogon yaro don tare iska, wasunsu suna nan tsaye. Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma da doka a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi ne ba na wasa ba. Amma ina makaranta na sha fitar da yara sahu-sahu ranar bikin dashen itace. Babban baƙo ya durƙusa ya dasa, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto, a tafa. Kafin hutun ƙarshen zango awaki sun gama da su. Ba mu taɓa tambayar wa zai shayar da su a watan Afrilu ba, don ba a ce na kowa ne ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne adadin da aka dasa. Ina roƙon a koma ƙirga wanda ya rayu bayan rani biyu, a kuma biya mai kwangila kan wannan lissafi.

Ranku shi daɗe, maganin da nake hange ba ya Turai. Yana ƙetaren Illela, a Nijar, wurin 'yan'uwanmu da muke harshe ɗaya, ƙasa ɗaya, gero ɗaya. A can ma Faransa ta bar musu doka irin tamu, itace na gwamnati ne, manomi na gudun malamin daji, kuma kafin shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka sai an yi biyu ko uku. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tofowa a gonaki ba ciyayi ba ne. Kututturan manyan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa, kowace shekara suna tofo, kowace shekara manomi na sarewa. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi tsiro biyu ko uku ko biyar masu ƙarfi a kan kututturen, ka datse sauran, ka yi musu aski, ka bar su. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, ba sa neman ban ruwa, cikin shekara biyu zuwa uku sun fi mutum tsawo. Mutanen Maraɗi suka sa mata suna sassabin zamani.

Abin lura shi ne dabarar ba ta kama nan take ba. Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su bar itatuwa, da abincin ya ƙare da yawa suka sake sarewa. Abin da ya juya lamarin shi ne ranar da manomi ya tabbata cewa in ya raini itace shi zai ci moriyarsa, ya sassabe, ya sayar da rassan, ba mai ci masa tara. Malaman daji suka sassauta, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaron itace da dokokinsu, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin mutanen karkara. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. Ba gandun renon iri ne ya yi wannan ba, ba tankar ruwa ba. Manoma ne irin ƙanena, da lauje da adda. Ƙasarsu kuwa ba ta fi tamu samun ruwan sama ba.

Don haka babban roƙona ga Mai Girma Gwamna da Majalisa shi ne a rubuta cikin doka, da kalmomin da ba su da harshen damo, cewa itacen da manomi ya dasa ko ya raina a gonarsa nasa ne. Ya sassabe shi, ya ɗebi 'ya'yansa, ya ciyar da dabbarsa, ya sayar da rassan, ba sai da izinin kowa ba. In zai kayar da babba daga cikin waɗanda ake karewa, kamar gawo da tsamiya da ɗorawa da kuka da giginya, ya sanar da hakimi da malamin daji, su duba, kyauta, ya kuma nuna ƙananan da yake reno a madadinsa. Sannan babu takardar da wani ofis zai bayar ta halatta sare itace a gonar mutum in ba da yardarsa ba, a gaban shaidu. Wannan gyara ba ya cin kasafin kuɗi. Tawada kawai yake ci, da sa hannu.

Dokar kuma a fito da ita fili. A juya ta da Hausa, boko da ajami, da Fulfulde, a liƙa a ƙofar kowane hakimi da kowace kasuwa, a karanta ta a rediyo, da sunayen itatuwan da aka hana, da adadin tarar kowane laifi, da kamannin rasit na gaskiya. Cinikin da aka yi da ƙanena a gindin gawo ya yiwu ne don mutum ɗaya kaɗai ya san abin da takarda ta ce.

Allah shi ƙara wa Sarkin Musulmi nasara, akwai ɓangaren da ya fi kusa da fada. Keɓe daji don amfanin jama'a ba Turawa suka koya mana ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malaman Malikiyya sun yi babi a kan haka, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Ta'alimur Radi kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita. Hausawa na da kalmarsu, hurumi. Kowane gari na da huruminsa, da burtali, da mashaya, da maƙabarta wadda har yau ita ce wurin da ya fi ko'ina itatuwa a ƙauyuka da yawa, don ita ce kaɗai kowa ke jin kunyar sa wa gatari. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin tsananin Sarki Tanimu kan mai sare gawo. Ba tsananin nake roƙo ba. Ina roƙon a umurci uwayen ƙasa da hakimai su zagaya da dattawa, manoma da makiyaya tare, su gano abin da ya rage na hurumin kowane gari, a sa masa alama, gwamnati ta ba garin takardar shaida. Mutanen gari su tsara wane yanki za a sara bana, wane za a bari ya huta, su naɗa masu gadi daga cikinsu. In limamai suka ba wannan magana huɗuba ɗaya a farkon bazara, lokacin sassabe, za ta kai inda motar ma'aikata ba ta kaiwa.

Na san akwai masu cewa a hana gawayi da itacen girki baki ɗaya a huta. Ina roƙon kada a saurare su da gaggawa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, na san gidajen ma'aikata da suka jingine tukunyar gas a lungu suka koma murhun gawayi. Kananzir ya daɗe da fita daga lissafin talaka. Mai ƙosai, mai tuwo-tuwo, mai tsire, mai shayi, gidan burodi, makarantar allo mai wutar karatun dare, duk a kan itace suke. A ƙauye kuma, in itace ya yi wuya, kara da kashin shanu ake ƙonawa, wato takin da ya kamata ya koma gona. Dokar hani ba za ta kashe wutar murhu ko ɗaya ba. Farashi kawai za ta ɗaga, ta ƙara kuɗin da ake miƙawa a shingen hanya, ta mayar da tafiyar motoci cikin dare.

Abin da ya fi shi ne a san daga ina kowace mota ta ɗauko. Nan ma Nijar ta riga mu gwadawa. Tun 1992 suka yi dokar kasuwannin itace na karkara: ƙauye na da dajinsa da aka shata, da adadin da aka yarda ya sara a shekara, shi ke sayar wa mai mota, a nan ake karɓar haraji, a raba tsakanin ƙauyen da ƙaramar hukuma da baitulmali. Itacen da aka saro daga dajin da ba a tsara ba, harajinsa ya fi tsada. A ƙofar birni a duba takardar da ke nuna asalin kaya. Tsarin bai rasa ɓaraka ba, an sha wuce adadi, an sha haɗa baki. Duk da haka ya sa ɗan ƙauye ya fara kallon daji kamar rumbunsa. Sakkwato na da hanyoyin shiga ƙidayayyu. Ba abu ne mai wuya ba a yi wa dillalan itace da gawayi rajista, a sa nauyin haraji kan tirela da zarton inji, a ɗauke shi daga kan mace mai ɗan dami a ka da yaro mai jaki, a kuma bar wani kaso sananne a garin da aka saro itacen. Kuɗin a biya ta banki ko ta waya, kada ya bi ta aljihun kowa. Zarton inji kuwa a yi masa lamba kamar babur, don abin da gatari ke yi a mako shi yana gamawa kafin la'asar.

A tuna da masu sana'a wajen rubuta dokar. Masassaƙi na neman kirya don turmi, aduwa don allo. Maƙeri na neman gawayin kirya. Magini na neman azarar giginya. Majemi kuwa da bagaruwa yake jeme fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko. Waɗannan ba su ne suka cinye daji ba, kuma su ne farkon waɗanda za su rasa abinci in ya ƙare. A ba ƙungiyoyinsu lasin mai sauƙi, da fili su rena irin itacen da sana'arsu ke ci.

Ba zan yi kamar ban san halin da gabashin jiha da arewacinta ke ciki ba. Dajin Gundumi tun da can abin tsoro ne. Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 kan hanyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kwana da yini ana tafiya ba zango. Yau kuma 'yan bindiga sun mayar da shi da dazuzzukan Isa da Sabon Birni mafaka, ga kuma rashin tsaron da ake fama da shi a Tangaza da Gudu. Na ji masu cewa a share dazuzzukan a huta. Wanda ya ƙone rumbu don ɓera zai kwana da yunwa, ɓeran kuma ya koma ɗaki. Dajin ya zama mafaka ne bayan da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa, aka bar malamin daji ɗaya da yankin da ba zai iya zagayawa a wata ba, ba babur, ba mai, ba wanda zai gaje shi in ya yi ritaya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa dakarun tsaron daji. Madalla. Sai dai mai bindiga daban, mai sanin itace daban. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na yaye ɗalibai a fannin gandun daji, da yawansu na yawo da takardu a hannu. A ɗauke su, a tura su ƙauyuka su koyar da sassabin zamani, a riƙa auna aikinsu da yawan itatuwan da suka tsaya a yankinsu, kada a auna shi da yawan tarar da suka tara. A jami'ar nan kuma akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana ƙera murhu mai tsimin itace. A haɗa ta da maƙeranmu da magina tukwane, a fara da manyan masu ci: gidajen burodi, makarantun kwana, gidajen yari, asibitoci.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, tsarin mulki na 1999 ya sa ku cikin raya noma da albarkatun ƙasa, hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 kuma ya ce kuɗinku su zo hannunku. Roƙona gare ku ƙarami ne. Kowa ya nemo taswirar gandayen dajin da ke yankinsa, ya je da ƙafarsa ya ga abin da ya rage. Inda aka riga aka yanka gonaki da filaye shekara da shekaru, korar mutane fitina ce, a yi yarjejeniya da su kan adadin itatuwan da za su rena a kowace gona. Inda bai riga ya tafi ba, kada a sake yanka ko taki ɗaya sai an sanar da jama'a a fili.

Cikin birni ma akwai abin dubawa. Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Barno, amma ya zama ɗan gari, kuma duk wanda ya taka daga inuwarsa zuwa kan kwalta a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da muke bin waɗanda suka dasa shi. Muna murna da sababbin hanyoyi da gine-gine. A dai sa cikin takardar kowace kwangila cewa wanda ya kayar da itacen bakin hanya zai dasa wasu, ya kuma shayar da su rani biyu kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

Bana, ranku shi daɗe, na koma gona lokacin sassabe na zauna wa ƙanena a wuya. Da ƙyar ya yarda ya bar tsiro uku-uku a kan kututture bakwai, gawo biyu, sauran kalgo da sabara. Ni na ɗaura musu jan ƙyalle don kada yara su sare. Da na je bayan kaka na tarar ɗaya daga gawon ya kai mani ƙirji. Ƙanena bai ce komai a kai ba, amma na ga ya kewaye shi da ƙaya. Da zan hau mota ya ce zai bar su har sassabe mai zuwa. In kafin nan ya ji a Rima Rediyo an ce nasa ne, zai bar sauran kututturan gonar duka, ya ƙirga su sun fi arba'in. In bai ji ba, ya ce, in zo in kwance ƙyallena.

Allah shi taimake ku, shi yi muku jagora, shi ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta,
Birnin Sakkwato.